Idan Al'amura Suka Juye, Ina Ƙaunar Allah Take?

Ina gaida iyayenmu mata da ke cikin gida. Ina gaida direban da ke kan hanya, da mai gadin da ya jingine rediyo a gefen tabarmarsa. Ina gaida maras lafiyan da ke kwance yana jinmu. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Maganarmu ta yau mai nauyi ce. Za mu yi ta ne a kan ranar da al'amura suka juye wa mutum.

Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A baki, abin da sauƙin faɗa. Amma a tambayi ɗan kasuwar Sabon Gari a Kano, wanda ya kulle shagonsa da yamma a watan Maris na 2016, gari ya waye ya tarar da toka. A tambayi 'yan Kantin Kwari, waɗanda ruwa ya shiga shagunansu a daminar 2022, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda. A tambayi mutanen Maiduguri, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle musu a watan Satumba na 2024, suka fito cikin dare daga su sai kayan jikinsu.

Waɗannan duniya ta ji labarinsu. Akwai kuma wanda ba a ji. Takardar sallama daga aiki. Takardar saki bayan shekara ashirin da aure. Sakamakon gwajin asibiti. Kiran waya da tsakar dare.

Da rana mutum yakan daure. A ce masa sai haƙuri, ya ce haƙuri ya zama dole. Amma idan dare ya raba, kowa ya yi barci, wata tambaya takan taso masa. Yana jin tsoron furta ta, don kada ya yi saɓo. Tambayar ita ce: Ya Allah, me na yi? Ko fushi kake yi da ni? Ko ka daina sona?

Idan ka taɓa yin wannan tambaya, ɗan'uwa, kada ka kashe rediyo. Idan kin taɓa yin ta, 'yar'uwa, ki gyara zama. Da ku nake magana yau.

Mu fara da tambayar kanta. Shin zafin masifa alama ce ta ƙiyayyar Allah?

Duk Musulmi ya yarda babu wanda Allah yake ƙauna kamar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. To, mu duba rayuwarsa. Tun yana ciki mahaifinsa ya rasu. Yana ɗan shekara shida mahaifiyarsa ta rasu. Yana ɗan shekara takwas kakansa ya rasu. A shekara ta goma da aiko shi, bayan Ƙuraishawa sun ƙaurace wa danginsa kusan shekara uku har yunwa ta galabaita su, baffansa Abu Ɗalib ya rasu. Ba a jima ba Nana Khadija ta bi shi. Mai kare shi a waje ya tafi, mai kwantar masa da hankali a gida ta tafi. Malaman tarihi suna kiran wannan shekara Shekarar Baƙin Ciki. Ya nufi Ɗa'ifa neman masu karɓarsa, mutanen garin suka sa yara da wawaye suka yi ta jifansa har ƙafafunsa suka yi jini.

Ku ƙara da wannan. 'Ya'ya bakwai Allah ya ba shi. Shida daga cikinsu sun rasu yana raye. Nana Faɗima kaɗai ya bari, ita ma watanni ta yi a bayansa.

Uwar da ta binne ɗa, ki ji wannan da kyau. Wanda Allah ya fi ƙauna a duk halitta ya sha irin ɗacin da kike sha, har sau shida. Saboda haka zafin jarrabawa ba shi ne ma'aunin ƙaunar Allah ba. Bari in maimaita. Zafin jarrabawa ba shi ne ma'aunin ƙaunar Allah ba.

Wani zai ce, ai malamai sun ce zunubi na jawo masifa. Gaskiya ne, yana iya jawowa. Istigfari, wato neman gafarar Allah, kullum alheri ne, a daɗi da wuya. Amma ni da kai ba a ba mu ikon karanta masifar wani ba. Idan shagon maƙwabcinka ya ƙone, ba ka da hurumin cewa hakkin mutane ne ya kama shi. Ba ka sani ba. Kai ma da abin ya same ka, nemi gafara, amma kada ka yanke wa kanka hukuncin cewa Allah ya kore ka daga rahamarsa.

Ka taɓa ganin yaron da ya karye aka kai shi wurin mai ɗori? Uban ne yake rungume shi ya danne. Mai ɗori ya ja hannun. Yaron yana ihu, yana kallon fuskar ubansa, yana mamakin yadda Baba ya haɗa kai da mai ba shi azaba. A wannan lokacin, duk bayanin da za ka yi wa yaron ba zai shiga ba. Abin da ya sani shi ne zafi. Amma hannun da ya danne shi, hannun mai sonsa ne.

To, jama'a, yanzu mu shiga kashi na biyu, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Labarin Annabi Yusufu ne, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Sura guda ce a Alƙur'ani, mai aya 111. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna karanta labarin a Littafin Farawa. Malamai da yawa suna cewa surar ta sauka ne a Makka, a daidai wancan lokaci na ƙunci da muka ambata.

Matsalarmu da wannan labari ita ce mun san ƙarshensa. Tun muna makarantar allo mun san Yusufu zai zama babba a Masar. Shi ya sa muke wuce rijiyar da sauri. Yau ina so mu tsaya a cikinta.

Yaro ne. Ya yi mafarki mai kyau: taurari goma sha ɗaya da rana da wata suna yi masa sujada. Mahaifinsa ya gane akwai ɗaukaka a gabansa. Me ya biyo bayan mafarkin? Rijiya. Kuma ba baƙi suka jefa shi ba. Yayyensa ne, 'yan uba ɗaya. Wanda ɗan'uwa ya ci amanarsa a kan gado ko a kan jari, ya san irin wannan ciwon.

Ayari ya zo, aka fito da shi. Ka ce sauƙi ya samu. Sai suka sayar da shi a kan 'yan dirhami kaɗan. Ɗan Annabi, jikan Annabi, ya zama bawa.

Ya shiga gidan babban mutum a Masar. Aka riƙe shi da mutunci. Ka ce yanzu kam ya huta. Sai matar gidan ta neme shi da alfasha. Ya ƙi. Ya gudu. Rigarsa ta yage ta baya, shaida ta nuna shi ne mai gaskiya. Duk da haka shi aka kai kurkuku. Ku lura da wannan, masu saurare. Rijiya ta same shi ne saboda hassadar wasu. Kurkuku kuwa ya same shi ne saboda ya ji tsoron Allah. Ya yi daidai, kuma yin daidai ɗin ne ya jawo masa ɗauri. Ma'aikacin da aka mayar ƙauye don ya ƙi sa hannu a takardar ƙarya, wannan sashen naka ne.

A kurkuku ya fassara wa mutum biyu mafarki. Ya roƙi wanda zai fita, wato mai shayar da sarki, ya ambace shi a wurin sarkin. Mutumin ya fita, ya manta. Yusufu ya ƙara shekaru a ɗaure.

Sau nawa ke nan ƙofa tana buɗewa tana rufewa? Da an tsayar da labarin a nan, a tambaye mu, me za mu ce? Za mu ce wannan bawan Allah bai zo duniya da sa'a ba.

Amma ku bi sawun. Rijiya ce ta haɗa shi da ayari. Ayari ne ya kai shi Masar. Gidan babban mutumin ne ya kai shi kurkuku. A kurkuku ya haɗu da mai shayar da sarki. Da mutumin ya tuna da shi da wuri, wataƙila da an sake shi ya ɓace cikin jama'a. Sai ya tuna a ranar da sarki ya yi mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da ramammu bakwai suke cinyewa, aka rasa mai fassara. Yusufu ya fassara. Ya ce za a yi shekara bakwai na yalwa, sannan bakwai na fari. Ya ba da shawara a bar hatsi a zangarniyarsa don kada ya lalace. Aka damƙa masa rumbunan ƙasa. Da yunwa ta zo, mutanen Masar suka tsira, maƙwabta suka tsira, har da yayyen da suka jefa shi a rijiya.

Kowace faɗuwa mataki ce. Amma daga cikin rijiya ba a hango rumbunan Masar. Kai ma, ɗan'uwa, kana tsakiyar labarinka ne. Ba ka kai ƙarshe ba. Kana tsakiyar labari ne.

Hatta sahabbai sun ɗanɗana wannan. A shekara ta 6 bayan hijira, su wajen 1,400 suka fito da Annabi don yin Umra. Ƙuraishawa suka tare su a Hudaibiyya. Aka yi sulhun da a idon sahabbai duk ribar ta abokan gaba ce. Su koma gida bana ba tare da ɗawafi ba. Wanda ya gudo daga Makka zuwa wurinsu su mayar da shi. Ana cikin rubutun sai ga Abu Jandal, ya tsere da mari a ƙafa, aka mayar da shi a gaban idonsu. Sayyidina Umar bai iya daurewa ba, sai da ya je ya tambayi Annabi dalili. Shekara biyu bayan nan suka shiga Makka su 10,000. A cikin zaman lafiyar da sulhun ya kawo ne irin su Khalid bin Walid suka musulunta. Idan Umar ya ji zafi har ya yi tambaya, kai ma don zuciyarka ta yi tambaya ba ka fita daga imani ba.

Amma akwai gaskiyar da ya wajaba in faɗa, don kada in yi muku alkawarin da Allah bai yi ba. Ba kowa ne yake ganin ƙarshen labarinsa a duniya ba. Yusufu ya gani. Sahabban Hudaibiyya da yawa sun gani. Wasu kuwa har su koma ga Allah ba za a nuna musu dalili ba.

Ku tuna Suratul Kahfi da muke karantawa ranar Juma'a. Annabi Musa yana tafiya da Halliru. Suka shiga jirgin ruwan wasu talakawa, Halliru ya huda shi. Daga baya ya bayyana wa Musa cewa akwai sarki a gabansu mai ƙwace duk jirgi mai lafiya. Aibin da ya sa wa jirgin shi ya tsirar da shi. To, wa aka yi wa bayanin? Musa. Ayoyin ba su ce an tsaya an yi wa masu jirgin bayani ba. Yawancinmu muna matsayin masu jirgin ne. Muna ganin hujin, ba ma ganin sarkin.

Nan ne imani da ƙaddara yake aiki. Ƙaddara, wato yarda cewa duk abin da ya faru da sanin Allah da nufinsa ya faru. Ba a ɗora maka sai ka gano hikimar ba. Abin da ake nema gare ka shi ne ka riƙe kyakkyawan zato ga wanda ya san ta.

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan dogaro da ƙaunar Allah a lokacin da al'amura suka juye. Mu wuce kashi na uku: kuka, da yadda muke yi wa masu kuka.

A cikin labarin Yusufu akwai mutumin da ba mu cika tsayawa a kansa ba, wato mahaifinsa, Annabi Yaƙubu. Shi ne ya yi alkawarin haƙuri mai kyau. Kuma shi ne ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Duka biyun a mutum ɗaya. 'Ya'yansa suka gaji da shi, suka ce zai halaka kansa da ambaton Yusufu. Ya nuna musu cewa ga Allah yake kai kukansa. Bai ɓoye ciwonsa ba, bai kuma yanke ƙauna ba.

Annabinmu ma, da ɗansa Ibrahim yake fitar da numfashin ƙarshe, idanunsa sun zubar da hawaye. Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki. Annabi ya fahimtar da shi cewa wannan rahama ce, kuma harshe ba zai furta abin da Allah ba ya so ba.

Saboda haka hawaye ba rashin imani ba ne. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da maganganun saɓo. Hawaye kuwa halal ne.

A nan ina da ƙorafi a kanmu. Mukan je gaisuwa, matar da mijinta ya rasu jiya ta fashe da kuka, sai wata ta daka mata tsawa: ke, ba ki da tawakkali ne? Wannan ba wa'azi ba ne, ƙara mata ciwo ne. Mukan ce wa wanda jarinsa ya ƙone, ai wani ya fi ka asara. Ya sani. Bai rage masa komai ba. Kalmar haƙuri tana da daraja, amma wani lokaci mukan yi amfani da ita don mu rufe bakin mutum mu samu mu tafi.

Idan ka je, ka zauna. Ka saurara. Ka yi addu'a. Ka kai abinci, domin da Ja'afar bin Abi Ɗalib ya yi shahada, Annabi umarni ya yi a dafa wa iyalinsa abinci. Kuma ka dawo bayan an watse. Kwana uku na farko gida cike yake. Wata na biyu ne marainiya take rasa kuɗin makaranta, a lokacin kuma babu kowa. Sau da yawa, ta hannun ɗan'uwa ne wanda ke cikin wuya yake gane Allah bai manta da shi ba.

Kashi na ƙarshe, jama'a, a kan tawakkali ne, wato dogaro ga Allah. Wasu sun ɗauka naɗe hannu ne.

Nana Hajara, da ruwa ya ƙare mata a kwarin Makka, ita da jaririnta Isma'ila, ta yarda Allah ba zai tozarta su ba. Amma ba ta zauna ba. Ta hau Safa, ta gangara ta hau Marwa, sau bakwai. Ruwan bai fito daga Safa ba, bai fito daga Marwa ba. A kusa da yaron Zamzam ta ɓuɓɓugo. Duk da haka Allah ya girmama wannan kai-komo nata, har yau duk alhaji sai ya yi shi. Kai dai ka yi naka gudun. Inda sauƙin zai ɓullo, wannan na Allah ne.

Sayyidina Umar, yana halifa, ya nufi Sham. A hanya aka gaya masa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Idan kasuwa ta ƙone, mu yi sallallami, mu karɓi hukuncin Allah. Sannan mu tambaya: yaya aka ja wayoyin lantarki? Akwai hanyar da motar kashe gobara za ta bi, ko an cike ta da rumfuna? Idan ruwa ya ci unguwa, mu tambaya wa ya yi gini a kan magudanar ruwa, kuma yaushe rabon da a duba madatsar. Yarda da ƙaddara ta mai haƙuri ce. Ba mafaka ba ce ga mai sakaci. Duk wanda aka damƙa wa amana ya yi wasa da ita, sannan ya ce haka Allah ya so, to ya sani Allah zai tambaye shi.

Kai kuma da abin ya sama, ga abin da za ka fara da shi gobe da safe. Idan akwai bashi a kanka, kada ka kashe waya ka ɓuya. Je ka sami masu kuɗin, ka gaya musu halin da ake ciki, a rubuta sabon lokaci a gaban shaidu. Kai kuma mai bin bashi, Alƙur'ani ya umarce ka ka jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ya kuma nuna yafewa ta fi. Wanda ya saba sayar da dila, kada ya ji kunyar fara sayar da yadi. Kada ka bar salla, ko da ba ka jin daɗinta yanzu. Ka tsaya, ka faɗa wa Allah abin da ke ranka da harshen da ka iya. Yana jin Hausa.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙo a kula da shi. Idan makonni suka wuce mutum ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina shiga mutane, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, wannan ya wuce baƙin ciki na yau da kullum. Likitoci suna kiransa ciwon damuwa. Ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana da magani. Ba raunin imani ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. A ci gaba da addu'a, a kuma kai shi asibiti. Akwai asibitocin da suka ƙware a kan wannan, kamar na Dawanau a Kano, da na Kware a Sakkwato, da na Barnawa a Kaduna. Inda suka yi nisa, a fara da asibitin da ke kusa. Kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki, kuma kada a jira sai gobe.

Lokaci ya cim mana. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu tattauna hakkin marayu da matan da mazansu suka rasu wajen rabon gado. Allah ya yaye wa kowa abin da ya dame shi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. A huta lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.